Na Juya Baya, Banki Bai Kira Ni Ba

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, mai takalman gwanjo na layi na uku, rumfar da ke daura da famfo. Da hannuna nake rubuta wannan, da hantsi, bayan maganin safe ya sake ni. Hankalina yana jikina. Na san ranar yau, na san ku uku ne, na san lambar takalmin kowannenku har da ta mahaifiyarku da take ragewa in an tambaye ta. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya riƙe mini biro. Abu ɗaya ne ya shige mini duhu, shi ne ko gidan wa nake kwance a ciki.

Kafin na shiga magana, ina so ku san banki mutanen kirki ne, kada wani ya zuga ku a kansu. Shekara arba'in ina kasuwa ban taɓa ganin mai bin bashi mai tarbiyya irin tasu ba. Ba su taɓa tsaya mini a bakin rumfa ba, ba su taɓa cin kwalata a gaban masu saye ba, ba su taɓa ambaton uwata ba. Takarda suke aikowa, fara ƙal, a sama su kira ka abokin hulɗa mai daraja, a ƙasa su yi maka fatan alheri, a tsakiya ne kawai suke cewa za su sayar da gidanka. In ka je ofishinsu ga sanyi, ga kujera mai laushi, har ruwa ake miƙo maka a ɗan kofi. Sai daga baya na tuna mahauci ma yana ba rago ruwa.

To ga maganar, kai Sai-gobe babbansu, ke Allura, kai Auta. Wata tara ke nan ban biya kuɗin gidan nan cikakke ba. Wani watan na kai rabi, wani watan na kai abin da ya samu, wata uku ban kai komai ba. Takardar ƙarshe ta ba da wa'adi zuwa ashirin da takwas ga watan gobe, daga nan su nufi kotu neman izinin sayarwa. Mahaifiyarku ba ta sani ba. Likitan zuciya kuma ya daina yi mini faɗa a kan gishiri, ke Allura da kike aikin jinya kin fi ni sanin ma'anar wannan. Don haka ku zauna ku karanta tare, ba kowa da wayarsa a hannu ba.

Na ɗaya. Takardun duka suna cikin kwalin takalmi mai lamba arba'in da huɗu, a saman kabad ɗin kayana, bayan tsohuwar fanka. Ambulan goma sha bakwai ne, shida ban buɗe ba. Kada ku ce tsoro ne, dabara ce ta kasuwa: maganar da ba ka ji ba, ba ta hau kanka ba. A layinmu in mai binka ya leƙo, sai ka sunkuya kana goge takalmi, ya gaji ya tafi, an wuce wurin sai wani makon. Ashe takardar banki ko ba ka buɗe ta ba tana aikinta a cikin ambulan, kamar gara. Ku buɗe su duka, ku jera su bisa kwanan wata.

Waɗanda na buɗe kuwa kowacce da nata lissafin. Wata ta ce abin da ya taru kaza ne, ta bayanta ta ce ya fi haka, ta uku ta kawo tarar jinkiri, har da kuɗin aiko da takardar da ke gaya mini tarar. Na yi boko har aji uku na sakandare, ina haɗa kuɗin dila biyar da ka kafin mai na'ura ya gama dannawa, amma waɗannan lambobi sun ƙi zama wuri ɗaya. Shekara ashirin da biyar aka yanka mini, na biya sha huɗu ba fashi. A kasuwa in ka biya rabin kuɗin takalmi, ƙafa ɗaya taka ce. Na zaci falo da ɗakuna biyu sun zama namu. Sai aka ce a'a, wai shekarun farko kuɗin ruwa nake ta biya, uwar kuɗin ko kashi ɗaya cikin uku ba ta ragu ba. A lissafina yanzu kicin da banɗaki ne namu, wataƙila da rabin soro.

Kuma kada ku zaci caca na yi, ko wani gida nake riƙewa a ɓoye. Kuɗin ruwan ne ya tashi sau uku cikin shekara biyu, wai haka yake a shafi na tara, wurin ƙananan rubutu. Ni a sanina in an sallama an tafa, ciniki ya ƙare, mai kaya ba ya biyo ka gida bayan shekara goma ya ce ka ƙaro. Sannan masu saye suka koma zaɓar takalmi a waya, ko gwadawa ba sa yi. Sannan zuciya ta fara karɓar nata kason.

Na biyu. Wannan shi ne kuskuren da nake so ku sani, don kada ɗayanku ya maimaita, musamman kai Auta da ka gaji bakina. A wata na huɗu da fara tangarɗa banki suka kira ni. Na sa babbar riga na je. Wata yarinya ce a bayan tebur, ba ta kai Allura shekaru ba, takalminta baƙi mai tsini, sabo amma ba mai tsada ba. Ta yi mini bayani da ladabi, ta ce sun ga ina fama, suna da tsari ga irina. Za su bar ni wata shida ina biyan kuɗin ruwa kaɗai, abin da ya taru a watsa shi cikin sauran shekarun, a ƙara mini shekara uku don kason wata ya sauko. Ta juyo takardar ta ajiye biro a kai.

Wallahi a raina na san tayin ya yi. Amma wane ɗan kasuwa ne yake karɓar farashin farko? Wanda ya karɓa ai ya nuna a matse yake, gobe ma a matse za a same shi. Sai na yatsina fuska, na tura takardar da yatsa ɗaya, na ce shekara guda nake so ba wata shida ba, kuma a cire tarar gaba ɗaya. Ta ce abin da na'ura ta ba ta ke nan, ba ta da ikon ƙarawa. Na ce a raina, haka kowa ke cewa, ni ma kullum ina rantsuwa ban ci riba ba. Na miƙe, na gyara hula, na yi mata sallama, na nufi ƙofa.

Kun san tafiyar. Tafiya ce ta wanda bai tafi ba, kunne a baya, ƙafa a gaba. A layinmu ba a kai taku bakwai sai ka ji an ce dawo, kawo kuɗin. Na yi bakwai, shiru. Na tsaya wurin tulun ruwansu na sha, alhali ba ƙishi nake ji ba. Na sunkuya gyara igiyar takalmi, takalmin ma ba shi da igiya. Da na waiwaya ta wutsiyar ido, sai na ga har wani ya zauna a kujerata, tana yi masa irin murmushin da ta yi mini. Ƙofar gilashin ta buɗe da kanta, kamar ita ma ta gaji da ni.

Ban karaya ba. Na ce wannan gwana ce, ta iya riƙe fuska, a waya za ta kira. Na ba ta mako uku don ta san ba da yaro take yi ba. Da na koma da niyyar in sallama a wata tara maimakon shekarar, sai ta ce ai tayin kwana goma sha huɗu ne, yana rubuce a ƙasan takardar da na tura da yatsa, kuma fayil ɗina ya bar teburinta ya hau sama. Na ce to kira mini na saman mu yi magana ido da ido. Ta ce ba mutum ba ne, sashe ne. Har yau ban san yadda ake gaida sashe ba. Don haka in aka sake miƙo muku tayi mai ma'ana, kada wanda ya yatsina fuska, kada wanda ya miƙe. Ku karanta har ƙasa, ku tambayi ranar da zai mutu, ku kai wa wadda zan faɗa muku yanzu, ku sa hannu.

Na uku. Akwai ofishin da ake ba masu bashi shawara kyauta. Yana saman kantin magani da ke kallon tashar mota, a hau matakala ta gefe, ƙofa ta biyu, ana buɗewa Litinin da Laraba. Mai agogo maƙwabcin rumfata ne ya gaya mini, domin shi ma an taɓa ceto shi a can. Da ya faɗa mini na zage shi, na ce wa ya gaya masa ina da matsala, na ce kayan kyauta ba ya kai mutum gida. Wata biyu ba mu gaisa ba. Daga baya na saci jiki na je.

Ku nemi mai tabarau, wata dattijuwa da ke teburin kusa da taga. Dunduniyar takalminta ta cinye ta gefe ɗaya, alamar mai yawo da ƙafa a kan al'amuran mutane, irinsu ba sa cuta. Ba ta ba ni ruwa ba, ba ta kira ni mai daraja ba. Ta zaro farar takarda ta ja layi a tsakiya, abin da ke shigowa a dama, abin da ke fita a hagu. Na ƙara cinikina da kashi ɗaya cikin huɗu don kada ta raina ni. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce in haka nake samu ba na bukatarta. Sai na faɗi gaskiya, karo na farko da na faɗi cinikina na gaskiya ga wani mahaluki tun da na buɗe rumfa.

Ga abin da na riƙe daga bakinta, in na cakuɗa ku gyara. Ta ce bashin gida shi ake fara biya kafin kowane bashi, ni kuwa na yi ta biyan mai dilar da ke ba ni kaya bashi don shi ne nake gani da ido. Ta ce mai ba da bashi ya fi son a biya shi kaɗan-kaɗan da ya shiga wahalar kotu, amma sai an je da takarda a hannu, ba da baki ba. Ta ce za ta iya rubuta musu su dakata ana tattaunawa, in an kai mata takardun duka, da shaidar abin da kowa ke samu, da sa hannun mahaifiyarku tunda sunanta yana kan takardar gidan. Ta ce ko an kai kotu kada a ƙi zuwa, wanda bai je ba shi ake yanke wa hukunci a bayan ido.

Sai kuma ta faɗi wadda ta ƙarasa rikita ni. Wai ta ga alama a takarda ta sha biyu cewa banki sun sayar da bashina ga wani kamfani. Na sayar da takalmi, na sayar da jaka, na taɓa sayar da keken da ba shi da sarƙa, amma ban taɓa jin an sayar da bashi ba. Wa ke sayen ciwon kai? Nawa aka sayar da ni, kuma me ya sa ba a taya mini ba tunda ni na fi kowa bukata? Yanzu ban san wa ke bina ba, na sanyin ofis ko waɗanda ban taɓa gani ba. Ku tambaye ta wannan da farko, kada ku kai kuɗi inda an riga an tashi.

Ban koma ba, saboda sa hannun mahaifiyarku. Ku koma a madadina, Larabar nan, ba ta sama ba. Kai Sai-gobe, da kai nake.

Na huɗu. A gaya wa mahaifiyarku. Allura ce za ta faɗa, tana da bakin da ke huda mutum ba tare da ya ji zafi sosai ba, kuma in jinin mahaifiyarku ya hau ga mai awo a kusa. A gaya mata da safe bayan ta ci abinci. A gaya mata duka, har da wannan: ita shekara ashirin ta sani, ba ashirin da biyar ba. Ranar da muka sa hannu na ga fuskarta ta canza da jin tsawon lokacin, sai na rage mata biyar kamar yadda ake rage wa mai saye don ya ji daɗi. Tana nan tana ƙirga saura shida. Kuɗin kafin alƙalami da muka fara ajiyewa, fiye da rabi nata ne, na ƙanƙarar da ta yi shekara takwas tana sayarwa daga firiza ɗaya a gidan haya, hannunta har ya daina jin sanyi. Ranar da muka tare ba ta bari an sauke kaya ba sai da ta bi kowane ɗaki tana buɗe taga tana rufewa, ta ce tana so ta ji ƙarar abin da ba mai gidan haya da zai zo ya ce an lalata masa. Ba ni da idon da zan dube ta in ce tagar ma ba tamu ba ce. In ta zage ni ku bar ta, ta biya kuɗin zagin tun tuni. Abin da nake so shi ne kada a fitar da matar nan daga ɗakinta. Duk sauran rubutun nan dominsa ne.

Na biyar. Akwai wani mai ƙyallin takalmi da zai zo muku, in bai riga ya zo ba. Ban san yadda ya ji labarina ba, irinsu kamar ƙuda suke da miki. Takalminsa na roba ne da aka shafa wa mai, daga nesa sai ka rantse fata ce. Ya ce zai biya banki duka, gidan ya koma sunan kamfaninsu, mu ci gaba da zama muna biyan haya kaɗan har ƙarshen rayuwa. Na tambaye shi rayuwar wa, ya yi dariya ya canza magana. Ban yarda ba. Amma ranar jikina ba daɗi, ya miƙo wata takarda ya ce ta shaida ce kawai cewa ya zo, na sa hannu don ya tafi in kwanta. Kwafinta yana cikin kwalin, mai shuɗin tambari. Na karanta sau huɗu, wani lokaci ta yi kama da shaidar zuwa, wani lokaci ta yi kama da alkawari. Ku kai wa mai tabarau kafin ku ce masa uffan. Haka kuma kada wanda ya ci bashin masu ba da kuɗi na bayan kasuwa don toshe wannan ramin. Ba a haƙa rijiya don a cike kwata.

Na shida. Abin da na bari. Rabon gado ku bar wa masu ilminsa, ba zan shiga hurumin da ba nawa ba, balle ma abin rabon sai an nemo shi da fitila. Amma ga abin da na sani. A rumfa akwai takalma ƙafa biyu-biyu ɗari biyu da sha biyu, da buhu ɗaya na wari-wari da nake ta jiran 'yan'uwansu su zo a wata dilar. Auta ya riƙe rumfar, shi ya san masu saye, kuma ya iya wayar nan da ta kashe mini kasuwa, wataƙila ta tashe shi. Sharaɗi ɗaya: kashi ɗaya cikin uku na ribar kowane mako ya tafi kuɗin gida kafin ya sayi ko katin waya. Mai dila yana bina kuɗin dila ɗaya da rabi, ku biya shi a hankali, mutum ne mai haƙuri in ana gaishe shi. Waɗanda nake bi suna cikin jan littafi a ƙarƙashin benci. Duk wanda sunansa ya wuce shekara uku a ciki na yafe masa, ba don kirki ba, don na san ba zai biya ba. Agogon hannuna a kai wa mai agogo, a ce masa in ji ni shi ne mai gaskiya, ni ne jakin. Ku faɗa masa da kalmomin nan, zai gane daga gare ni ne.

Na bakwai. Rigimar da ke tsakaninku, kai Sai-gobe da ke Allura. Shekara biyu ke nan kuna gaisawa kamar masu haɗuwa a layin asibiti. Ita tana cewa ita ta biya gyaran rufi, a rubuta mata. Kai kana cewa kai ne babba, ɗakin baya naka ne, ka cika shi da tsofaffin tayoyin motarka ka sa kwaɗo. Ina jinku ina shiru, ba don hikima ba, don na san cinikin biri a sama kuke yi. Rufin da ɗakin duka na wani ne da ko sunansa ban tabbatar ba.

Yanzu dole ta haɗa ku. Mai tabarau ta ce abin da zai sa a saurare mu shi ne a ga kuɗi mai shigowa kowane wata ba fashi. Allura tana da takardar albashi, kai kana da motar kaya mai kawo kuɗi amma ba takarda. Ɗaya ba ya isa sai da ɗaya. Ku zauna ku yanka abin da kowa zai iya, na gaskiya, ba na nuna isa ba, gara kaɗan da ba ya yankewa. A kwashe tayoyin nan, a yi wa ɗakin fenti, a sa ɗan haya mai mutunci wanda mahaifiyarku ta yarda da fuskarsa. Kuɗin rufi kuma a rubuta wa Allura, haƙƙinta ne, kai ma ka san ruwa ya daina zuba a kan tayoyinka.

In kun yi duk wannan aka ce gidan ba zai tsira ba, to ku roƙi lokaci ku sayar da kanku, ku saya wa mahaifiyarku ƙarami da abin da ya rage. Kada ku bari ya kai gwanjo. Gwanjo sana'ata ce, na san yadda muke tsayawa a baya muna ƙifta wa juna ido don kada farashi ya tashi. Ban taɓa tambayar takalmin wa nake saye ba, su ma ba za su tambayi ɗakin wa suke saye ba.

Na takwas, kuma ita ce ta fi hana ni sukuni. A can ƙasan kwalin akwai wata koriyar takarda. Lokacin da aka ba ni bashin sun tilasta ni yin inshora, wai in na mutu kafin in gama biya, kamfanin inshorar ya biya sauran, gida ya zama na iyali. Na yi ta mita a lokacin, na ce an sayar mini da kayan da ba zan ga amfaninsa da idona ba. Kuɗinta yana tafiya ne tare da kason wata. To da na fara kai rabi-rabi, ban san ina rabin yake shiga ba. Yarinyar banki ta ce tana jin in an yi wata uku ba a biya ba inshorar ta mutu. Mai tabarau ta ce ya danganta, in daga abin da nake kaiwa ana fara cire na inshora to tana da rai, in tara ake fara cirewa to sai addu'a, kuma in aka sayar da gidan ta tafi ko da tana da rai. Na kira lambar da ke jikin takardar sau biyar, kiɗa suke sa mini har katina ya ƙare. Tambaya ɗaya, amsa biyu da kiɗa.

Ga yadda na fahimta, in na fahimta. Wataƙila in na riga wa'adin banki tafiya, gidan ya fita fes, mahaifiyarku ta zauna ba mai aiko mata farar takarda. Wataƙila kuma koriyar takardar ta riga ni mutuwa tun watanni, in tafi in bar muku bashi da kuɗin likkafani. Kada ranku ya tashi, rai na Allah ne, ina shan maganina a kan lokaci, kuma ba na gaggawar zuwa inda ba a ciniki. Na faɗa ne don kada ku jefar da koriyar takardar, kuma don ku sa mai tabarau ta samo amsa a rubuce. Amma kada ku zauna jiran wannan, ku yi na uku da na bakwai kamar babu ita.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah ya ba ku abin da ya fi wayo, domin wayo na gwada shi, ga inda ya ajiye ni. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda kuka ɗauka ban sani ba. Ku ma ku yafe mini, ku roƙa mini mahaifiyarku. Ku riƙe juna. Ko gidan ya tsira ko bai tsira ba, duk inda mahaifiyarku ta shimfiɗa tabarmarta nan ne gida, ku taru a can kowane ƙarshen mako, kada wanda ya aiko da gaisuwa a waya. In ɗayanku ya shiga matsi ya faɗa tun a watan farko, tun maganar tana ƙarama, kunya ba ta biyan ko kwabo.

Shekara arba'in ina sa wa kaya kuɗi da kallo ɗaya, yau ga hajar da ta gagare ni. Ku da kuka fi ni boko, in kun gama karanta koriyar takardar ku zo ku faɗa mini, ba zan ji haushi ba: tsohon nan naku, a tsaye ya fi tsada ko a kwance?